Darasin Lafiya: Kafin Ki Haɗiyi Ƙwayar Tazarar Haihuwa Ta Farko

Darasinmu na yau a kan ƙwayar tazarar haihuwa ne, wato wadda mace ke haɗiya kullum don ta ɗan huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Magana ce da ba a rasa jin ta a gidan suna ko a layin awo, amma ƙasa-ƙasa ake yin ta. Wannan ta ce ƙwaya ce ta sa ta ƙiba, waccan ta ce ita jini ta tsinka mata, wata kuma ta rantse cewa taruwa take yi a ciki ta toshe mahaifa. A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma wanda ba shi da tushe ko kaɗan.

Abin da muke so ki riƙe daga wannan darasi guda ne: kada ki fara shan ƙwayar nan da kanki, kada kuma ki ajiye ta da kanki ba tare da kin koma wurin wadda ta ba ki ba. Mai farawa da kanta tana iya ɗauko irin da bai dace da jikinta ba. Mai ajiyewa shiru kuwa, sau da yawa sai ta wayi gari da cikin da ta gudu, ga goyo a baya.

Me ya sa ake maganar tazara?

Duk wadda ta taɓa yin kwanika ta san wahalarsa. Nono ya ragu, a yaye yaro ba shiri, uwa ga laulayi ga ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mace ta samu aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, wadda ta yi ɓari kuma ta huta wata 6. Kin ga wannan ya yi daidai da shekara biyu na shayarwa da muka sani a addininmu.

Ta ɓangaren hukunci, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa ya halatta miji da mata su jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci idan akwai buƙata, bisa shawara da yardar juna, matuƙar hanyar ba ta cutarwa. Ta hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Don haka matakin farko shi ne ki zauna da maigida ku fahimci juna. Ban da haƙƙinsa a cikin lamarin, akwai fa'ida a aikace. Matar da ke ɓoye kati a ƙarƙashin katifa ita ce ta fi yawan tsallake kwana, kuma ranar da ƙa'ida ta ce a yi amfani da kororon roba, ba ta da bakin faɗa.

Ƙwayar iri biyu ce

A Amurka aka fara amincewa da ƙwayar a shekarar 1960. Ta wancan zamani tana da ƙarfi ƙwarai, sinadarin da ke cikinta ya ninka na yanzu sau da yawa, shi ya sa matsalolinta suka fi yawa. Wasu labaran tsoro da ake yaɗawa har yau, daga can suka samo asali.

Iri na farko ita ce mai sinadari biyu, istirojin da furojestin. Su biyun kwaikwayo ne na sinadaran da jikin mace ke yi da kansa. A asibitocinmu da kemis za ki gan ta da sunaye irin su Microgynon, Combination 3 da Levofem. Babban aikinta hana ƙwan haihuwa fita. Yawancin katin na ɗauke da ƙwaya 28. Guda 21 na farko su ne maganin, 7 na ƙarshe kuwa, waɗanda launinsu ya bambanta, babu maganin a cikinsu, a wasu katunan ma na ƙarin jini ne. A kwanakin shan waɗannan bakwai ɗin ne al'ada ke zuwa.

Iri na biyu mai sinadari ɗaya ce, furojestin kaɗai, kamar Microlut da Exluton. Ita aka fi ba masu shayarwa, don ba ta rage nono. Tana sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri ta yadda maniyyi ba zai wuce ba. Duk ƙwayoyin katinta magani ne, babu hutu, yau kika gama kati gobe ki buɗe sabo.

A kula: Postinor-2 ba ta cikin waɗannan. Ita ta gaggawa ce, ba a mayar da ita ta yau da kullum.

Idan ana shan ƙwaya yadda ya kamata, cikin mata 100 ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekara. Amma a yadda mutane ke sha, yau a sha gobe a manta, adadin kan kai kimanin 7 cikin 100. Bambancin nan duk daga hannun mai sha yake.

Kafin ki fara, a auna jininki

Kuskuren da ya yi yawa shi ne a aiki yaro kemis da tsohon katin maƙwabciya a ce ya sayo irinsa. 'Yar'uwa, jikinki daban, nata daban. Ki je sashen tazarar haihuwa na asibiti mafi kusa, a auna hawan jininki, a yi miki tambayoyi, ke kuma ki faɗi gaskiya. Hawan jini ba ya sallama, mace na iya yawo da shi shekaru ba ta sani ba.

Ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da ke ba idan:

1. Awon jininki ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce.
2. Kina da ciwon kai na ɓari ɗaya wanda kafin ya zo kike ganin walƙiya, ko layi-layi, ko ganinki ya dushe.
3. Jini ya taɓa daskare miki a jijiyar ƙafa ko a huhu, ko kin taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya.
4. Kin kai shekara 35 kuma kina shan taba. Mai shan shisha ma ta faɗa, ba wurin jin kunya ba ne.
5. Kina da sankarar mama, ko kin taɓa yin ta.
6. Kina da ciwon hanta mai tsanani, ko idonki na yin shawara.
7. Ciwon suga ya daɗe a jikinki har ya taɓa ido, ƙoda ko jijiyoyi.
8. Kina shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba.

Mai sikila ta tabbata ta sanar, don likitoci da dama sun fi son ba ta hanyar da babu istirojin a ciki. Haka kuma ki ambaci duk maganin da kike sha, har na gargajiya. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya, irin su carbamazepine da phenobarbital, suna rage ƙarfin ƙwayar har ciki ya shiga. Idan aka ce ba ta dace da ke ba, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai allura, akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa, nas za ta duba wadda ta fi miki.

Yaushe ake farawa?

Idan kika fara a cikin kwana 5 na farkon al'adarki, kariya ta fara nan take. Kina iya farawa a wata rana daban in an tabbatar ba ki da ciki, sai dai ku yi amfani da kororon roba ko ku haƙura da juna na kwana 7 idan mai sinadari biyu ce, kwana 2 idan mai sinadari ɗaya ce.

Mai jego da ke shayarwa tana iya fara mai sinadari ɗaya tun kafin arba'in. Wadda ba ta shayarwa ba za a ba ta mai sinadari biyu ba sai bayan mako 3 da haihuwa, wani lokaci sai mako 6, saboda a wannan tsakanin jinin mai jego ya fi saurin daskarewa. Kada kuma ki dogara da cewa ai kina shayarwa ciki ba zai shiga ba. Shayarwa na karewa ne idan sharuɗɗa uku sun cika tare: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi.

Ki zaɓi lokaci ɗaya ki tsaya a kansa. Mu da muke da salloli biyar, Allah ya sawwaƙe mana agogo. Ki haɗa shanta da sallar isha'i: kin sallame, kin haɗiya. Shan dare bayan an ci abinci na rage tashin zuciya, kuma idan azumi ya zo ba sai kin sauya lokaci ba. Ki ajiye katin inda zafi ba ya kai masa, inda kuma hannun yara ba ya isa.

Abin da za ki iya ji a wata uku na farko

Mata da yawa ba sa jin komai. Wasu kuwa jikinsu kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya saba. Ga abubuwan da aka fi gani.

Ɗigon jini tsakanin al'ada. Wannan shi ya fi sa mata jefar da kati. Ba alamar mahaifa ta lalace ba ne, kuma ba ya nufin ƙwayar ba ta aiki. Tsallake kwana da sauya lokacin sha na ƙara shi. Mai shan mai sinadari ɗaya ta fi fuskantar rikicewar al'ada, wata ma ba za ta ga jini ba watanni, musamman in tana shayarwa. Ba taruwa jinin ke yi a ciki ba, shimfiɗar mahaifar ce ba ta yi kaurin da za ta zubo ba.

Raguwar jinin al'ada. Kwana biyar na iya komawa uku, ciwon mara ya yi sauƙi. Wannan ma alheri ne ga mai ƙarancin jini.

Tashin zuciya da jiri. Kamar ƙaramin laulayi, yakan wuce cikin makonni. Kada ki sha da yunwa.

Cikar mama da ɗan zafi. Rigar mama mai riƙewa da kyau na taimakawa.

Ciwon kai mara tsanani. Ki sha ruwa sosai, farasitamol ya wadatar. Amma idan sabon ciwon kai ne da ba ki saba ba, ko kullum ƙaruwa yake yi, ki koma asibiti.

Sauyin hali da sha'awa. Wata kan ji saurin fushi, ko ƙunci, ko sha'awarta ta ragu. Kada ki raina wannan, kada kuma ki bari ya ɓata miki zama da maigida kina shiru. Wadda ta taɓa fama da ciwon damuwa ta faɗa tun farko.

Fata. Ƙurajen fuska kan ragu ga mafi yawa, su ƙaru ga kaɗan. Wasu kan samu duhu-duhu a kumatu irin na masu ciki. Man bilicin ba maganinsa ba ne.

Ƙiba fa? Binciken da aka yi a kan ƙwaya mai sinadari biyu bai nuna tana sa ƙiba mai yawa ba. Wata kan ji jikinta ya ɗan riƙe ruwa a farko, wata cin abincinta ya ƙaru. Kada mu manta mace da ta huta da ciki da goyo dama jikinta kan murmure.

Idan wata uku suka wuce abin bai lafa ba, ko tun kafin nan ya hana ki sukuni, ki koma. Sau da yawa sauya iri kawai ake yi a huta. A wannan komawar ki sa a sake auna jininki, daga nan kuma aƙalla sau ɗaya a shekara.

Alamomin da ba a jira da su

Waɗannan daban suke da na sama. Ba su da yawa, amma idan suka zo ba a cewa bari gari ya waye. Babban haɗarin ƙwaya mai sinadari biyu shi ne daskarewar jini a jijiya. A lissafin hukumar magunguna ta Turai, cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwaya, kimanin 2 ke samun wannan a shekara. Cikin masu shan irin su Microgynon kuwa, 5 zuwa 7 ne. Haɗarin ya fi yawa a shekarar farko, amma duk da haka bai kai na lokacin ciki da jego ba. Ki daina sha, ki tafi asibiti nan take idan kika ga:

1. Kumburi da zafi a sharaɓar ƙafa ɗaya.
2. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko tari da jini.
3. Matsanancin ciwon kai da ya zo farat ɗaya.
4. Dushewar gani ko ganin walƙiya.
5. Mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ko harshe ya yi nauyi.
6. Ido ko tafin hannu ya koma ruwan ɗorawa.
7. Ciwon ciki mai tsanani, ko zubar jini mai yawa da ya ƙi tsayawa.

Da isarki ki gaya wa likita kina shan ƙwaya, ki nuna masa katin. Kada a tsaya shafa mai ko turare a gida ana cewa iska ce. A yi addu'a a kan hanyar asibiti. Haka nan idan za a yi miki babbar tiyata, ki sanar tun da wuri, don akan dakatar da ita makonni kafin aikin.

Idan kin manta

Ga mai sinadari biyu: idan ƙwaya ɗaya kika manta, ki sha da zarar kin tuna, ki sha ta ranar a lokacinta, ko da biyu za su haɗu a rana ɗaya. Idan biyu ko fiye ne a jere, ki sha ɗaya nan take, ki ci gaba kamar kullum, ku yi amfani da kororon roba kwana 7. Idan mantuwar ta faɗa a mako na uku, ki ƙarasa masu maganin, ki tsallake bakwai ɗin ƙarshe, ki buɗe sabon kati. Idan a makon farko ne kuma kun sadu a kwanaki biyar da suka wuce, ki ga nas da wuri a kan ƙwayar gaggawa. Mantuwar da ta fi haɗari ita ce jinkirin buɗe sabon kati, don haka ki tanadi na gaba kafin na hannu ya ƙare.

Mai sinadari ɗaya irin Microlut ba ta da haƙuri. Jinkirin da ya wuce awa 3 mantuwa ne. Ki sha nan take, ku kiyaye kwana 2.

Idan kika yi amai cikin awa 2 da sha, ki ɗauki wata ki sake sha. Amai da gudawa mai tsanani na kwanaki kuwa, ki ɗauke su kamar mantuwa. Idan al'ada ta ƙi zuwa wata biyu a jere, ko kina jin alamun ciki, a yi gwaji. In ya tabbata, ki ajiye ƙwayar, ki kwantar da hankalinki, bincike bai nuna wadda aka sha a farkon ciki bisa rashin sani tana nakasa jariri ba.

Ɗigon jini da ibada

Tambayar da ta fi damun mu ita ce: wannan ɗigon haila ne ko jinin ciwo? In yi sallah ko in bari? A mazhabar Malikiyya, mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Mai al'ada sananniya kuma, idan jini ya zarce, tana ƙara kwana 3 a kan kwanakinta, matuƙar ba ta wuce 15 ba. Abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, tana sallah tana azumi. Amma jinin da ke zuwa yana ɗaukewa yana buƙatar lissafi. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da kika ga jini da ranar da ya ɗauke. Ki kai wa malamarki ta Islamiyya ta warware miki hukunci, ki kai wa nas ita ma ta duba. Kada ki bar sallah makonni a kan zato. Wadda ke da niyyar farawa kuma, ya fi mata ta fara watanni kafin Ramadan ko tafiya aikin hajji, don jiki ya riga ya saba.

Gaskiyar wasu maganganu

Ƙwayar ba ta taruwa a ciki. Narkewa take yi, jiki ya yi amfani da ita ya fitar, shi ya sa ma ake sha kullum. Ba ta kashe mahaifa. Kina dainawa haihuwa na iya dawowa a watan farko. Idan mace ta daina ta ga jinkiri, a binciki shekarunta, da ciwon sanyi, da lafiyar maigida. Ba a kuma buƙatar hutun ƙwaya bayan shekara ɗaya ko biyu don wai jiki ya wanke.

Maganar sankara kuwa, ga yadda take. Ƙwaya mai sinadari biyu tana rage haɗarin sankarar ƙwan mace da ta cikin mahaifa, kuma wannan kariya kan daɗe shekaru bayan an daina. A ɗaya hannun, akwai ɗan ƙarin haɗarin sankarar mama lokacin da ake sha, wanda ke gushewa cikin kimanin shekara 10 da dainawa, da na bakin mahaifa ga wadda ta daɗe tana sha. Don haka ki riƙa duba mamanki, ki je gwajin bakin mahaifa inda ake yi. Sannan ki sani ƙwaya ba ta kare mace daga ƙanjamau ko sauran cututtukan saduwa.

'Yar'uwa, lafiyarki amana ce, yaranki kuma suna buƙatarki da ƙarfinki. Ranar zuwa asibiti ki tafi da sunayen magungunan da kike sha da ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. Ki tambayi sunan ƙwayar da aka ba ki, ki tambaya mai sinadari ɗaya ce ko biyu, ki kuma karɓi ranar komawa. Idan kin san wata a gidanku ko a unguwa da ke sha ba tare da an taɓa auna jininta ba, ki karanta mata wannan darasi, ki raka ta.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuri'a bisa tafarkin addini, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.